Ranar da Na Zama Harshen Alhaji

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Beijing, mu da muke Guangzhou a talabijin muka ga gudu da tsalle-tsalle, amma wahalar biza kam a jikinmu muka ji ta. Ɗan kasuwar da ya saba zuwa ya yi wata biyu yana zaɓen kaya a tsanake, sai ga shi da 'yan kwanaki a fasfo, yana gudu daga wannan masana'anta zuwa waccan da gumi har cikin takalmi. Ni a lokacin tebur ɗaya gare ni da kujera biyu a wani lungu na benen Tianxiu, a unguwar Xiaobei. Aikina in raka mutanen gida wurin masu masana'antu, in yi musu tafinta da ɗan Sinancin da na tsinta a titi, in tsaya a kan kaya har a rufe kwantena.

Cikin waɗanda nake yi wa aiki akwai wani Alhaji daga Kano, mai sarin kayan sha. Dattijo ne mai tsabta har ta so ta yi yawa, ko ina za mu ba ya rabuwa da gorar ruwan alwalarsa. Ya san ni Kirista ne daga wani ƙauyen Maguzawa, ya san nakan sha kwalba ɗaya ranar Lahadi. Bamaguje yake kirana da wasa, ni kuma ban taɓa jin haushi ba tunda ba ƙarya ya yi ba. Abin da bai sani ba, shi da duk mutanen Tianxiu, shi ne sana'ar innata. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce kunu take sayarwa. Burukutu take dafawa tun kafin a haife ni, kuma daga ƙauyukan da ke kewaye ake takowa a sha a gidanmu. Na sha tsokana a kan wannan a makarantar kwana har na ƙoshi, da na girma sai na daina ɗaga maganar gaba ɗaya. Har saƙo na aika mata cewa ta bari, ta tsufa, ni zan ɗauki nauyinta. Ta aiko a ce mini ta ji, ta ci gaba da jiƙa dawarta.

A wannan zuwan lemon malt Alhaji yake nema, baƙin nan mai zaƙi wanda babu giya a ciki, kwantena guda, ya isa Kano kafin Babbar Sallah. Ya riga ya yi wa masu shaguna alkawari. Tsoronsa ɗaya ne. An taɓa samun giya cikin irin wannan lemon a shagon wani maƙwabcinsa, aka farfasa kwalaben a bainar jama'a, kuma har mutumin ya bar kasuwa ba a daina nuna shi da baki ba. Masana'antar da muka samu tana yin giya tana yin malt. Sun turo takarda mai jan hatimi cewa babu ko ɗigo, Alhaji ya juya ta gaba da baya ya ce takarda ba ta da harshe. Shi ba zai kai abin baki ba sai ya tabbata, kuma ko ya kai, bai san ɗanɗanon giya ba balle ya gane ta. Saboda haka ni zan ɗanɗana in gaya masa, akwai ko babu. 'Yan kwanaki suka rage masa a ƙasar.

Mai masana'antar, wanda muke ce wa lawban kamar yadda ake kiran kowane maigida a can, ya ce mu zo ranar Asabar da hantsi. Ya ce ranar suna bikin giya a masana'antar, a nan za a fito mana da samfurin malt ɗin. Na gaya wa Alhaji yadda abin yake ban rage komai ba. Ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya buɗe fasfonsa ya duba, ya ce mu je mu fito da wuri.

Tun daga bakin ƙofa warin ya tare mu. Ni da na tashi a gidan giya na san ƙamshin tsiron dawa idan yana kan wuta, abu ne mai daɗin shaƙa. Wannan ba shi ba ne. An kafa rumfunan roba a tsakar masana'antar, ranar watan Agusta tana dukansu, giyar da ta zube tun safe ta jiƙa jan kafet ɗin da aka shimfiɗa, takalmi yana mannewa yana sakewa da ƙara. Maza sun nannaɗe riguna zuwa ƙirji sun bar tumbi a waje yana shan iska. Lasifika tana ta ihu, ƙudaje suna bin bakin kofuna. Alhaji ya tattare babbar rigarsa da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya danne hanci da hankici, yana ɗaga ƙafa a hankali yana zaɓen inda zai taka.

Ashe bikin na ɗan lawban ne, wani mai tabarau da aka tura Turai ya koyo dafa giya, ya dawo da abokai irinsa da kuma ra'ayin cewa duk abin da Allah ya halitta ana iya jefa shi cikin tukunya. Kowane tebur da gwajinsa. Lawban ya ce sai mun zaga mun ga basirar ɗansa kafin a kawo malt. Na ce masa Alhaji ba ya sha. Ya ce ya sani, kuma yana girmama addini, amma a wurinsu baƙo ba ya mayar da kofi cike. Idan babba ba ya sha, na ƙasa da shi ne yake shanye masa. Na fassara, ina jiran in ji Alhaji ya ce a'a. Sai na ji ya ce, ko kallona bai yi ba, ai kai ka saba. Maganar ta sosa mini rai ƙwarai, amma na miƙa hannu na karɓi kofi biyu, nawa da nasa.

Ta farko da duriyan aka yi ta, ɗan itacen nan mai ƙaya wanda saboda warinsa wasu otal-otal ba sa yarda a shiga da shi. Giyar ta fito rawaya-rawaya, mai kauri, tana warin ruɓaɓɓiyar albasa, ga wani zaƙi da ke liƙewa a ganda ya ƙi tafiya. Na haɗiye tawa da ƙyar, na runtse ido na bi da ta Alhaji. Daga wannan lokacin har yamma, duk gyatsar da na yi sai duriyan ya dawo ya gaishe ni. Ta biyu koriya ce, da babban garafuninsu aka dafa ta, ɗacinta har cikin kunne. Ta uku baƙa ƙirin, an ce da katantanwar teku aka yi, ga gishiri ga ƙarni, kuma a gindin kofina na hangi wani ɗan abu mai santsi yana lilo. Na nuna wa mai tebur da yatsa, ya ɗaga mini babban yatsa yana murna, wai ni ne na yi sa'a.

Ɗan lawban yana biye da mu da ɗan littafi, duk wadda na sha sai ya tambaye ni yaya. Ni kuwa sai in yi murmushi in ce masa da kyau da Sinanci, sannan in juya ga Alhaji, da murmushin dai, in gaya masa gaskiya da Hausa. Na ce wannan ko akuya aka ba za ta juya baya. Na ce waccan ruwan wankin kifi ce aka bari ya kwana. Alhaji yana dariya a bayan hankici, kafaɗunsa suna rawa, kuma da an miƙo masa kofi sai ya nuna ni da haɓa, ba ya ko taɓawa. Na ji ƙyamar giyar, na ji haushin dariyarsa, amma wanda na fi jin haushi shi ne ni da nake ta cewa da kyau.

A tebur na biyar ko na shida na lura da abin da ya fi komai tayar mini da zuciya. Babu wanda yake shan abin da ya dafa. A gidanmu, duk wanda ya zo, Inna za ta ɗebo a ƙoƙo, ta kai bakinta ta kurɓa a gabansa, sannan ta miƙa masa da hannu biyu. Ko baƙon da bai taɓa zuwa ba, ko ɗan'uwanta uwa ɗaya, haka take yi. Ma'anar ita ce babu abin da ta sa a ciki wanda ba za ta sha ba. Muna yara mun san ba a karɓar ƙoƙo daga hannun mai giyar da ba ta fara sha ba. A nan kuwa masu tebur suna tsaye da hannu a baya suna kallon fuskarka su ga yadda za ka yi. Shi kansa lawban gorar shayi ce a hannunsa. Da ita yake bugun kofina yana cewa ganbe, wato a shanye, ya kurɓi shayinsa, ni in shanye nawa da na Alhaji.

Akwai wadda aka turara da hayaƙi har ta koma warin rigar da ta kwana a madafi. Akwai mai tsami da aka ajiye cikin tulun da suke tsuma kayan lambu, da farar yana a samanta, mai tebur ya ture yanar da cokali kamar ba komai ba. Kofunan ƙanana ne, amma bibbiyu nake sha, ga rana, ga cikina babu komai sai shayin safe. Ƙasa ta fara yi mini laushi a ƙafa. Na ce wa lawban a kawo malt haka nan, ya ce saura ɗaya, ita ce wadda ɗansa ya fi alfahari da ita.

Da wani yaji nasu aka yi ta, ɗan'uwan fasaƙwarinmu, irin wanda ke kashe baki. Da na san shi ne da ban sha ba. Kurɓar farko leɓena ya hau rawa, ta biyu na daina jin harshena ɗungum. Na cije shi don in gwada, sai na ji kamar roba na ciza. A daidai wannan lokacin aka share mana tebur a ƙarshen rumfa, aka dire kwalaben malt masu sanyi, lawban ya buɗe ɗaya da kansa ya zuba mini.

Na kurɓa. Na juya shi a baki. Na ƙara kurɓa. Sanyi kawai na ji yana wucewa ta maƙogwaro, ko zaƙin ban ji ba. Alhaji ya sauke hankicin a karon farko tun shigowarmu, ya matso kusa.

"Bamaguje, akwai ko babu?"

Lawban ya riga ya fito da takardar cinikin ya ɗora biro a kai, yana ta cewa meyo, meyo, wato babu. Ba zan ɓoye ba, na so in ce babu in huta. Kaina yana juyawa, amai yana tasowa, kuma babu wanda zai iya ƙaryata ni a wurin. Amma na tuna kwalaben nan a hannun 'yan yara ranar Sallah, da tsofaffi a gidan biki, da Alhaji zaune a shagonsa bai san me ya sayar ba. Dalilin zuwana ke nan, kuma na bari an kashe mini abin aikin tun kafin a fara.

Sai na tuna yadda Inna take yi. Kafin ta zuba ragowar tsohuwar giya wadda ke tayar da sabuwa, takan ɗebi mai zaƙin ta ajiye mana a wata tukunya daban, mu yara. Idan tukunyar ta daɗe, ita kuma harshenta ya gaji da ɗanɗanon yini guda, ba ta sake kurɓa. Tafin hannunta take zubawa, ta murza har ya yi ɗumi, ta kife hannuwan a hanci. In har yanzu kunu ne, ƙamshin dawa kaɗai za ta ji. In ya fara juyawa, akwai wani siririn abu mai kaifi da ke riga komai tashi, ya soki saman hanci kusa da ido, ya ɓace. Da ta ji shi sai ta ɗauke tukunyar daga inda hannunmu zai kai.

Na ce wa Alhaji bakina ya mutu, na roƙi lawban gorar shayinsa na wanke hannu da shi, na ɗauki kwalbar na fita daga rumfar zuwa gindin katanga inda iska take. Suka biyo ni. Na zuba a tafi, na murza, na kife a hanci. Ya soke ni nan take. Na goge hannu na sake, ya sake sukata. Ba shi da yawa, amma yana nan.

Na ce, "Alhaji, akwai."

Ransa ya ɓaci, na gani a fuskarsa. Ya dubi takarda mai hatimi, ya dubi ni da nake jingine da katanga ina tangaɗi. Mutumin da ya ce takarda ba ta da harshe, yanzu ita yake riƙe da ita gam. Ya ce jibi zai tashi, babu lokacin neman wata masana'anta, ga mutane suna jiransa a Kano.

"Ka bugu fa. Ka ce ba ka jin bakinka. Yanzu don ka murza hannu sai in bar takardar mutane in bi taka? A ina ka koyi wannan?"

Shekara da shekaru ina kauce wa wannan tambayar, sai ga ta a gindin katangar gidan giya, a ƙasar da ba tamu ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, innata ba kunu take sayarwa ba. Burukutu take dafawa. A gindin tukunyarta na yi rarrafe. Da wannan murzawar take raba wanda za mu sha da wanda ba za mu sha ba, kuma ban taɓa ganin ta yi kuskure ba."

Alhaji ya dube ni. Na sa ido in ga ko zai ja baya. Bai ja ba. Ya ce in tambayi mai tabarau, ba uban ba, yadda suke yin abin tun daga farko.

Na tambaya da ragowar Sinancina, na haɗa da hannu. Mai tabarau ya washe baki don ya sami wanda ya san aikin. Ya ce ai dole su sa yisti su bar shi ya ɗan tashi kwana biyu kafin su tsayar, in ba haka ba ruwan sukari ne kawai marar armashi. Ya ce ɗan abin da ke ciki bai kai a kira shi giya ba, ko 'yarsa ƙarama tana sha. Uban yana ta yi masa ido, shi bai ma lura ba. Na fassara kalma bayan kalma. Alhaji ya ninke takardar ya miƙa wa lawban da hannu biyu, ya yi masa godiya, ya juya.

Ban kai bakin titi ba cikina ya ƙi. Na durƙusa a gefen kwata, duriyan da katantanwa da garafuni duk suka dawo ta inda suka shiga, kuma fitarsu ta fi shigarsu muni. Ina cikin haka na ji hannu ya dafa mini ƙeya. Alhaji ne, da babbar rigarsa da ya yini yana tattarewa, yanzu bakinta yana jan ƙasa. Ya buɗe gorar alwalarsa, ga azahar ta yi bai yi salla ba, ya dinga zuba mini ina kurkure baki ina wanke fuska har ruwan ya ƙare. Ya ce shi ne ya sa ni shan duk wannan ƙazantar, Allah ya yafe masa, ni ma in yafe. A cikin tasi bai rufe hanci ba, ko da yake na san ina wari. Muna dab da Xiaobei ya ce idan na kira gida in ce Alhaji yana gaida Inna, in gaya mata ta fisshe shi kunya. Ya koma Kano babu kwantena.

Washegarin bikin, bayan an tashi daga coci, na kira wayar mai shagon ƙauyenmu, aka je aka kirawo ta. Na ba ta labarin duka, tana ta dariyar giyar katantanwa, ta ce mutanen nan ba su da dawa ne? Na isar da gaisuwar Alhaji, ta ce tana amsawa. Sannan ta tambaye ni abu ɗaya.

"Masu giyar sun fara sha kafin su ba ka?"

Na ce a'a.

"Kuma ka karɓa? Ashe zaman birni bai ƙara maka komai ba."

Na tambaye ta ko ta jiƙa dawa a wannan makon. Na san tana zaton faɗan da na saba ne zan sake yi. Ta ce ta jiƙa, da murya a ɗaure, irin ta wadda ta shirya wa rigima. Na ce ina nan zuwa Kirsimeti, ta ajiye mini ƙoƙon farko. Ta ce ƙoƙon farko nata ne, in ina so in zo in zauna in jira na biyu.